Fayafayai takwas a sabar 2U: RAID 5 ko RAID 6?

Ɗan Koyo:
Assalamu alaikum manyanmu. An damƙa min wata sabar rak mai tsayin 2U (gurbi biyu a rak, wato kantar da ake jera sabobi), ta hannu ce, da fayafayai takwas masu juyawa, kowanne 8TB, dukkansu masu mahaɗin SAS irin na sabar. Fayilolin ofis za a riƙa zubawa a kai, da hotunan takardun da ake yi wa sikanin, sai VM, wato kwamfutocin bogi da ke gudana a cikin sabar, guda uku marasa nauyi. Oga ya ce shi dai wuri yake so mai yawa. Zan haɗa fayafayan da RAID, wato tsarin da ke haɗa su su zama kamar ɗaya don bayani ya tsira in wani ya mutu. Da na buga lissafi, RAID 5 zai ba ni 56TB, RAID 6 ya ba ni 48TB, RAID 10 kuwa 32TB kacal. Raina ya fi kwanciya da RAID 5, amma na ce kafin in danna Create bari in ji ta bakinku.

Baban Rak:
Wa alaikumus salam. Ɗauke hannunka daga kan madannin nan tukuna, ɗana. Lissafinka daidai ne, amma na ranar da komai ke lafiya ne. Yi na ranar da faifai ɗaya ya mutu.

A RAID 5, in ɗaya ya faɗi ka sa sabo, katin RAID da ke sarrafa fayafayan zai karanta sauran bakwai ɗin tun daga farko har ƙarshe kafin ya iya sake gina abin da ya ɓace. Wato 56TB za a karanta ba tare da tuntuɓe ko ɗaya ba. Shi kansa sabon faifan, ko da ana rubuta masa 150MB a daƙiƙa ba tsayawa, sai ya ci kusan awa goma sha biyar kafin ya cika. Wannan in ba kowa a kan sabar ke nan. In ma'aikata na ta buɗe fayiloli, ga VM na aiki, kwana biyu ko uku ba abin mamaki ba ne. Duk tsawon wannan lokaci ba ka da kariya ko ta sisin kwabo, kuma a lokacin ne tsofaffin fayafayan ke shan wahalar da ba su taɓa sha ba.

RAID 6 za ka yi, shi yana jure mutuwar faifai biyu.

Mai Ja-in-ja:
Baba, da girmamawa, wannan tsoron da ake ba yara ya yi yawa. Shekara da shekaru ana gudanar da RAID 5 duniya ba ta tashi ba. Ya yi RAID 5 da bakwai, ya ajiye na takwas a matsayin faifan ko-ta-kwana. Ɗaya na mutuwa katin zai ja shi ya fara gini ko da tsakar dare ne.

Antin Linux:
Malam Mai Ja-in-ja, sake duba lissafin naka. Bakwai a RAID 5 da ɗaya a gefe, 48TB ke nan. Takwas a RAID 6, shi ma 48TB. Wuri ɗaya ne, ba ka ci ribar ko baiti ɗaya ba. Bambancin kawai shi ne a naka tsarin faifai na takwas yana zaune babu komai a cikinsa, sai an shiga uku sannan a fara cika shi. A RAID 6 kuwa tun ranar farko yana ɗauke da fariti na biyu, fariti kuwa shi ne ƙarin bayanin lissafi da ake sake gina abin da ya ɓace da shi. To me ya sa za a zaɓi kariyar da sai bayan kwana biyu za ta iso?

Mai Ja-in-ja:
Saboda saurin rubutu, Anti. Kin manta da wannan.

Malam DB:
A nan kam yana da gaskiya, ko da rabi ce. Ƙaramin rubutu ɗaya a RAID 5 aiki huɗu ne ga fayafayai: a karanta tsohon bayani, a karanta tsohon fariti, a rubuta sabon bayani, a rubuta sabon fariti. A RAID 6 shida ne, tunda fariti biyu ne. A RAID 10 biyu ne kawai, tunda kowane faifai na da tagwaicinsa, a rubuta nan a rubuta can. Shi ya sa ni ba na yarda a ɗora min rumbun bayanai a kan fariti in fayafayan masu juyawa ne. Duk wanda ya taɓa zama yana kallon tambaya ɗaya ta SQL tana jan ƙafa ya san abin da nake nufi.

Amma yaron ya ce fayiloli da hotunan takardu ne. Waɗannan manyan rubutu ne a jere, katin kan tara su ya rubuta layi guda cikakke ba sai ya karanta tsohon fariti ba. Ɗan Koyo, VM ɗin nan uku me ke cikinsu?

Ɗan Koyo:
Ɗaya na kula da sunayen ma'aikata da kalmomin sirri, ɗaya na firinta, na ukun ƙaramar manhajar lissafin kaya ce, mutum biyar ke amfani da ita, Malam.

Malam DB:
To RAID 6 zai ɗauke su. Da ka ce min mutum ɗari biyu ne da na ce RAID 10 ko a sa musu SSD daban.

Abu ɗaya game da RAID 10 da mutane ke mantawa: shi ma ba kowane mutuwa biyu yake jurewa ba. In fayafayai takwas ne ɗaya ya mutu, cikin bakwai da suka rage akwai guda ɗaya, abokin tagwaitakarsa, wanda in ya bi shi komai ya tafi. Sai dai gininsa faifai ɗaya kawai ake karantawa, ba bakwai ba, don haka ya fi sauri nesa ba kusa ba.

Baban Rak:
Bari in ƙara wa Mai Ja-in-ja lambobi tunda su yake so. Duba takardar bayanin kowane faifai za ka ga layin kuskuren karatu da ba ya gyaruwa. Na kwamfutocin gida galibi ɗaya ne cikin bit 10^14, wato kusan sau ɗaya a kowane 12.5TB. Na sabar galibi ɗaya cikin 10^15, kusan 125TB. Yanzu ɗora 56TB a kan wannan. Ko da masu kyan ne, a takarda damar cin karo da mataccen sashe yayin gini ta haura ɗaya cikin uku. A RAID 6 in aka ci karo da shi, fariti na biyu zai cike gurbin a wuce. A RAID 5 babu inda za a samo shi.

Mai Ja-in-ja:
Wannan lissafin shi ne ainihin abin da nake ja da shi, Baba. Lambar da kamfani ke bugawa iyaka ce, cewa suke ba zai wuce haka ba, ba cewa suke haka zai faru ba. Da gaske ne faifai na yin kuskure duk 12.5TB, da duk mai duba tsarinsa kowane wata yana ganin kuskure kowane wata. Masu ZFS, tsarin fayilolin nan mai tantance bayanansa da kansa, na nan, su faɗa mana. Kuma ba kowane kati ne ke watsar da gini don sashe ɗaya ba, wasu kan yi wa wurin alama su ci gaba.

Baban Rak:
Na yarda lambar iyaka ce, kuma fayafayai kan fi ta kyau. Amma "su yi alama su ci gaba" ɗin nan da ka faɗa a saukake, shi ne hujin da ke zama a cikin tsarin. Katin zai nuna maka Optimal, alhali akwai wani fayil a ciki da ya lalace ba ka san wanne ba ne, kuma sau da yawa maganinsa sai an rushe tsarin an dawo da komai daga kwafin ajiya. Kai ka yarda da wannan don 8TB da Oga ba zai ma cika ba nan da shekara biyu?

Kuma kar mu manta, Patterson da Gibson da Katz da suka rubuta takardar RAID a jami'ar Berkeley a 1988, fayafayan zamaninsu da megabait ake auna su. Girman faifai ya ninku sau dubbai tun daga lokacin, saurin karanta shi bai bi sahu ba. Matsalar ke nan gaba ɗaya.

Ɗan ZFS:
Tunda an kira sunanmu. Gaskiya ne, ana yin wata da watanni ana duba terabait masu yawa ba a ga kuskure ko ɗaya ba. Amma ranar da aka gani, ZFS zai gaya maka sunan fayil ɗin da abin ya shafa, domin kowane ɓangare na da lambar tantancewa tasa. Katin RAID in ya ga bayani da fariti sun saɓa, bai san wanne ne mai gaskiya ba, yawanci fariti kawai yake sake rubutawa.

Shawarata, ƙanena: mayar da katin yanayin HBA, ya miƙa wa manhaja fayafayan kai tsaye, ka yi RAIDZ2, wato tsarin ZFS mai fariti biyu. Wuri kusan ɗaya da RAID 6, kuma ka rabu da matsalar wuta ta ɗauke tsakanin rubuta bayani da rubuta fariti. In katin ya ƙone gobe, ka zare fayafayan ka sa a kowace na'ura, ka buga zpool import, shi ke nan.

Antin Linux:
Kai dai ko ciwon kai mutum ya kawo sai ka rubuta masa ZFS. Ba ka ma tambaye shi wace manhaja zai ɗora ba.

Ɗan Koyo:
Windows Server ce Anti, da Hyper-V mai gudanar da VM ɗin. Ita kaɗai na iya sosai, kuma wanda zai riƙe in ba na nan shi ma ita ya sani.

Ɗan ZFS:
To na janye, amma ba da son raina ba. Abu ɗaya dai ga masu karatu: kar wanda ya ɗora ZFS a kan faifan bogi da katin RAID ya haɗa, ko ya yi wa kowane faifai RAID 0 shi kaɗai ya ce ai ya miƙa su kai tsaye. Ba ɗaya ba ne.

Ɗan Koyo:
Na gode ƙwarai. Na amince da RAID 6. Amma ga wata sabuwa: na shiga saitin katin, shida ne kawai yake ba ni in zaɓa. Biyu an rubuta musu Foreign. Akwai Import akwai Clear. Wanne zan danna?

Baban Rak:
Kada ka danna ko ɗaya sai ka amsa min: waɗannan biyun daga ina suka fito?

Katin RAID kan rubuta bayanin tsarin a jikin kowane faifai. In ya ga faifai ɗauke da bayanin wani tsari da ba nasa ba, sai ya kira shi baƙo. Import na nufin a karɓi tsohon tsarin yadda yake da abin da ke ciki. Clear na nufin a goge wannan bayanin, faifan ya koma fanko. A sabar da ke da kaya a ciki, Clear a kan kuskure na daga cikin hanyoyin da suka fi saurin raba mutum da aikinsa. In storcli, manhajar umarni ta katunan MegaRAID, na gane katinka, buga storcli /c0/fall show ka ga abin da ke ciki kafin komai.

Ɗan Koyo:
Na tambayi Oga, Baba. Ya ce daga wata tsohuwar sabar da aka kashe aka ciro su, an kwashe komai tuntuni. Umarnin ya nuna RAID 1 ne a da.

Baban Rak:
Ya rubuto maka wannan a saƙo, ba da baki ba. In ya rubuto, sai ka yi Clear.

Antin Linux:
Ni wani abu ne ya tsaya min. Fayafayan nan na hannu ne, daga wuri biyu aƙalla. Kafin ka haɗa su, ka san shekarunsu da lafiyarsu? Tayar da sabar da Linux ta filasha, ka buga smartctl -a -d megaraid,0 /dev/sda, ka riƙa canja lambar faifan zuwa wadda katin ya ba kowanne. Tunda SAS ne ba za ka ga layuka na 5 da 197 da 198 na SMART, wato rahoton lafiyar faifai, da ake gani a fayafayan SATA ba. Abin da za ka nema shi ne layin grown defect list, da awannin da faifan ya yi a kunne, da kurakuran da ba a iya gyarawa ba. Duk wanda lambar lahaninsa ke hawa, kar ya shiga tsarin.

Binciken da ma'aikatan Google suka fitar a 2007 a kan fayafayai sama da dubu ɗari ya nuna faifan da aka ga kuskuren farko a samansa ya fi sauran yiwuwar mutuwa cikin kwana 60 har sau 39. Amma binciken nan dai ya nuna fiye da kashi 36 cikin ɗari na waɗanda suka mutu ba su nuna alamar komai a SMART ba. Don haka in ya yi gargaɗi ka saurare shi, in ya yi shiru kar ka saki jiki.

Mai Ja-in-ja:
Aƙalla dai da yake daga wuri daban-daban suke, ba za su mutu rana ɗaya ba. Wannan riba ce. Ku tuna sanarwar HPE ta ƙarshen 2019: wasu SSD na SAS da ke mutuwa daidai lokacin da suka cika awa 32,768 a kunne, shekara uku da kwana 270 da awa takwas, sai in an sabunta musu famwaya, wato manhajar cikin faifan, zuwa HPD8. Waɗanda aka kunna tare, tare suke tafiya. A nan ko RAID 6 ɗin Baba bai ceci kowa ba.

Baban Rak:
Yau kam mun haɗu a kan abu ɗaya. Shi ya sa sabunta famwayar kati da ta fayafayai na cikin aikin, kuma tun yanzu da babu kaya a ciki ya fi sauƙi.

Malam DB:
Ba wanda ya yi maganar batir. Ɗan Koyo, sabar ta hannu ce, duba storcli /c0/bbu show, in kuma mai kafasita ne /c0/cv show. Duk saurin da RAID 6 zai ba ka ya dogara da ƙwaƙwalwar katin: yana karɓar rubutu ya ce wa Windows an gama, sannan ya zuba a fayafayai a hankali. Batirin ne ke tsare abin da bai kai ga faifai ba in wuta ta yanke. In batirin ya mutu, katin da kansa zai koma rubutu kai tsaye, sai ka ga sabar ta zama kunkuru ba ka san dalili ba. A layin Cache za ka ga WT (rubutu kai tsaye) maimakon WB (rubutu ta ƙwaƙwalwar katin).

Akwai zaɓin tilasta masa WB ko babu batir. Kar ka taɓa shi, ko wa ya ce maka akwai UPS. UPS ba ya hana wani ya taka waya a bayan rak.

Ɗan Koyo:
Kafasita ne, ya nuna Optimal. Fayafayan ma na duba, bakwai sifili ne a layin lahani, ɗaya yana da 14.

Antin Linux:
Rubuta lambar ka ajiye, ka yi masa dogon gwaji da smartctl -t long, ka sake dubawa. In ta tsaya a 14 zai iya zama, amma idonka a kansa. In ta motsa, a canja shi. Kuma ka roƙi Oga tun yanzu a sayi faifai ɗaya a ajiye a kabad tare da tirensa. Ka tabbata SAS ne, girmansa bai gaza 8TB ba, kuma girman sashensa iri ɗaya ne da sauran, don katin ba zai haɗa 512e da 4Kn a tsari ɗaya ba, kamar yadda katuna da yawa ba sa haɗa SAS da SATA. Kar kuma a kawo maka mai SMR, irin mai jera layukan rubutu a kan juna, don an ga ya fi araha, irinsu kan shaƙe a tsakiyar gini.

Shugaban Zaure:
Jama'a, masu turo tallan kwas a tsakiyar muhawara, na goge. A ci gaba.

Baban Rak:
Yanzu ga abin da ni na fi damuwa da shi, fiye da 5 ko 6. Yawancin tsarin da na ga ya rushe, ba fayafayai biyu ne suka mutu dare ɗaya ba. Na farko ya mutu tun watanni, fitila na ta ƙyafta ruwan ɗorawa a ɗakin da ba mai shiga, sabar na aiki kamar ba komai. Sai ranar da na ƙarshe ya faɗi a kira mu. RAID 6 da ba mai kallonsa kamar safaya biyu ce a but ɗin motar da ba a taɓa duba tayoyinta ba.

Don haka kafin ka zuba fayil ɗaya, saita saƙon gargaɗi ta manhajar kula da sabar daga nesa. In Dell ce ta iDRAC, in HPE ce ta iLO, sauran ma kowa da nasa. Sa imel ɗinka da na mutum na biyu, ka danna gwaji ka ga ya iso da idonka. Bar karatun sintiri a kunne, a katunan MegaRAID yakan zagayo duk awa 168, shi ke tono matattun sassa tun ana da fariti na gyara su. Duba daidaiton fariti kuma ka tsara shi sau ɗaya a wata, daren da ba aiki. Saurin gini ka bar shi a kashi 30 da ya zo da shi, sai in ka san dalilin canjawa.

Antin Linux:
Mu a Debian mdadm ya daɗe yana zuwa da nasa, Lahadin farko ta kowane wata. Ina faɗa ne kawai.

Mai Ja-in-ja:
Kuma kwafin ajiya fa? An yi ta RAID kamar shi ne ƙarshen zance. Ma'aikaci ya goge folda, ko manhajar garkuwa da fayiloli ta shigo, katin zai rubuta ɓarnar a fayafayai takwas cikin biyayya, da fariti biyu ma.

Malam DB:
Kwafi uku, a kan na'ura iri biyu, ɗaya a wajen ginin. Kuma a gwada dawo da shi. Amma wannan muhawara ce ta daban, a buɗe mata nata zaren.

Ɗan Koyo, Windows ɗin a ina za ta zauna? In akwai gurbin ƙananan SSD biyu a baya ko katin M.2, yi musu RAID 1 ka sa ta can. In babu, yanki ƙaramin faifan bogi daga cikin rukunin, sauran ya zama na kaya. Tayar da ita a UEFI, babban faifan kuma ka tsara shi da GPT, don tsohon tsarin MBR ba ya wuce 2TB. Kuma kar ka firgita in ka ga Windows ta nuna wajen 43.6TB maimakon 48, bambancin ƙirga ne tsakanin 1000 da 1024. Gara ka gaya wa Oga tun yanzu kafin ya ce ka ci biyar.

Ɗan Koyo:
Babu gurbi a baya, Malam, don haka na yanki 200GB. Oga ya rubuto, na yi Clear, na haɗa RAID 6 da takwas. Yanzu yana nuna Background Initialization kashi 2. In jira ya gama ko in fara sa Windows?

Baban Rak:
Za ka iya sa Windows, zai ɗan yi nauyi ne kawai. Kayan mutane dai kar su shiga sai ya gama.

Kafin nan akwai darasi ɗaya da nake so ka yi yau da babu abin asara. A wani wuri da na yi aiki, an aiki wani ya zare faifai na uku da ya mutu a RAID 5. Ya ƙirga daga hagu, ɗaya, biyu, uku, ya zare. Katin kuwa daga sifili yake ƙirga. Mai lafiya ya zare, tsarin ya faɗi nan take. Dell daga 0 take fara lambar gurbi, HPE daga 1, kuma jerin wani sama zuwa ƙasa yake tafiya, wani hagu zuwa dama. Kar ka taɓa zare faifai da ƙirgen yatsa. Buga storcli /c0/eall/sall show ka ga lambar akwati da ta gurbi, sannan ka kunna fitilar gano wuri da start locate, ka je gaban rak ka ga wanne ke ƙyaftawa. Yi wa duka takwas ɗin haka, ka manna takarda mai lambar siriyal a jikin kowane tire.

Mai Ja-in-ja:
In ya gama wannan ya zare ɗaya da gangan bayan initialization ya ƙare, ya ga ko imel zai zo, ya kuma auna awa nawa ginin zai ci. Sai mu ga ko sha biyar ɗin Baba ce ko ƙasa da haka. Ni na ce ba zai kai ba.

Baban Rak:
Babu kowa a kanta, zai iya yin ƙasa da haka. Ya sake aunawa ranar Litinin da safe in ma'aikata sun hau.

Ɗan Koyo:
Na kunna fitilar gurbin s3 Baba. Wanda ke ƙyaftawa shi ne na biyu a layin ƙasa, ba inda na zata ba. Mai lahani 14 ɗin kuma s5 ne, bari in nemo shi in sa masa jan tef.